Sandar Awo Ta Ce Huɗu

Ni ce na riƙe sandar, shi ya sa har yau abin bai sake ni ba.

Shekarar da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Sabon Birni saboda 'yan bindiga, ajina na shida ya cika har bakin ƙofa. A zangon nan aka kawo maganin tsargiya, ciwon da ke sa yara fitsarin jini. Ba a zo da sikeli ba. Wata sanda aka ba mu mai layi-layi, yaro ya tsaya jikinta, inda kansa ya kai nan ne yawan ƙwayoyinsa. Ma'aikaciyar lafiya ta ce tsawo yana nuna nauyi, ta kuma ja mana kunne har sau uku: kar a ba wanda bai ci komai ba.

Na ce to. Amma ga rana a ka, ga yara suna ture-ture, tambayar nan a baki kawai nake yinta. "Ka karya?" "Na karya." "Haɗiye, wuce."

Wani gajeren ɗan mahauci, cikakke kamar turmi, ya samu biyu. Bayansa sai doguwar ajinmu, wadda iyayenta suka gudo daga wajen Burkusuma bayan an kore musu shanu. Ita nake sawa ta goge saman allo, ita nake turawa benci na ƙarshe kar ta tare wa mutane. Kullum tana cikin zurmemen hijabi har ƙasa. Kanta ya wuce layin uku, ya taɓa na huɗu.

"Ke kam kin ci riba, huɗu!" na ce, aji ya kwashe da dariya. "Kin karya?"

Ta dubi 'yan ajin, ta dubi ƙasa. "Na karya, Malama."

Na ga wannan duban. Wallahi na gan shi. Layin yara ne na ga ya yi tsawo, na zuba mata huɗun a hannu.

Ba a yi awa ɗaya ba wata ta ƙwalla ihu daga baya. Doguwar yarinyar nan ce ta kife kan benci, zufa sharkaf, tana amai ruwa zalla, ko ɓurɓushin gero babu. Gabana ya yanke ya faɗi. Yara suka watse da gudu, kafin in ankara labari ya kai unguwa wai magani ya kashe yarinya, iyaye sun fara cika harabar makaranta.

Na sunkuya in ɗauke ta. Tsawonta ya kusa nawa, don haka na tattaro ƙarfina duka, sai ga ni ina neman faɗuwa ta baya. Innalillahi! Babu kowa cikin hijabin nan. Haƙarƙarinta nake ji a hannuna ɗaya-ɗaya. Tulun da nake ɗauka kullum ya fi ta nauyi.

Wani dattijo ya sha gabana. "Malama, mi kunka ba ta?"

"Baba, ba ni hanya don Allah!" Ban taɓa yi wa babba tsawa ba sai ran nan.

Ma'aikaciyar lafiya tana ofishin hedimasta. Ta kwantar da ita, ta kama wuyan hannunta, ta aika a kawo kunu. "Kin tambaye ta ko ta ci?"

"Na tambaya."

Aka kawo kunun. Na karɓe kofin na ce ni za ni ba ta. Cokali na farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu ma haka. A waje kuwa hayaniya sai ƙaruwa take. A na biyar ne maƙogwaronta ya motsa.

Uwar ta iso ba ko takalmi, ta tsaya bakin ƙofa. Ma'aikaciyar ta ce mata za ta tashi in sha Allah, cikinta ne ba komai. Matar ta sunkuyar da kai. "Abin da munka samu jiya ƙannenta munka ba. Ita ai babba ta, tana iya haƙuri."

Babba! Rajistar aji tana hannuna tun farkon shekara. Shekarunta sha biyu, ɗan mahaucin nan ma ya girme ta.

Can ta buɗe ido, ta lalubo gefen zanena ta ja. Na kai kunne bakinta.

"Malama, kar ki hwaɗa ma 'yan aji ban karya ba."