Kawu Ya'u da bokan mujalla

Kawu Ya'u ƙanin mamata ne, daga Ringim ya zo, yana zaune a Panshekara da matarsa Anti Aina'u, yana aiki a wani kamfani a Challawa da suke yin kiret ɗin ƙwai da tsofaffin takardu. Aikinsa shi ne tsince leda da waya daga cikin takardun kafin a zuba a inji. Mutum ne mai son labari, ko kaza ce ta tsallaka titi sai ya mai da ita tatsuniya.

To wata rana aka kwance wani bandir sai ga mujallun Turawa, duk hotunan wani tsoho mai gemu da sanda tana fitar da wuta, ga maciji mai fukafuki. Kawu ba ya jin Turanci, sai ya kai wa Sulemanu mai tuƙa inji, ɗan Kagoro. Sulemanu ya karanta ya ce ai wasa ne, mutane ke zama a tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama, in boka zai yi tsafi sai an jefa dayis irin na lido a ga ko zai ci. Wai har musu ake a mujallar kan sau nawa boka zai yi tsafi kafin ya gaji!

Kawu ya ce, "Boka har da gajiya? Wannan ai leburan kamfani ne irinmu."

Shi ke nan fa, kullum lokacin birek sai su baje kwali a gindin darbejiya, da dayis ɗin lido da marafan lemo, Kawu na zuba labari, Sulemanu ne boka, sauran abokan aikinsu maharba da fatake, wallahi har abinci ke hucewa.

Matsalar ita ce ya kai mujallun gida ya sa ƙarƙashin katifa. Anti Aina'u tana shara ta gani, ga gidaje-gidaje cike da lambobi sak hatimi, ga tsohon nan da idonsa ja. Ko mayafi ba ta gyara ba ta tafi Dorayi wajen yayanta Malam Lawan mai Islamiyya, ta ce mijinta ya shiga tsafi, ko a ƙone su ko ita ta bar gidan.

Ranar Asabar da la'asar sai ga Malam da ashana a aljihu. Kawu duk ya rikice, ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Malam don Allah ku tsaya ku gani tukuna, in ya so ku ƙone."

Ya ɗauko marafan ya fara: ga fatake sun iso bakin rijiya, ga boka ya tare hanya. Malam yana ta kallo, can ya ce, "To falken nan me ya hana shi zagayawa ta bayan dutse?"

Anti ta ce, "Yaya! Ƙonawa fa kuka zo yi!"

"Ke dakata mana, ina bincike ne."

Sai da aka kira magariba ya miƙe. Ya ce wannan ba sihiri ba ne, shirme ne, amma hotunan nan kar su ƙara kwana a ɗakin ƙanwarsa, a mai da su kamfani, dayis ma a bari a koma canki-canka. Kuma boka kar ya sake cin nasara a labarin, ko sau ɗaya.

Kawu ya ce ya yarda da gudu. Anti ta ce ita dai ta ga an fitar da su, aka fitar, ta ɗora tuwo.

Har yanzu suna yi a gindin darbejiyar. Sulemanu ne kawai ke mita, kullum sai an kashe shi kafin a koma aiki, ya ce shi fa ya gaji, a ba shi maharbi. Kawu ya ce babu wanda ya iya faɗuwa irinsa.