Amyar da Muka Yanke wa Hukuncin Ƙonawa

Har gobe ba na mantawa da ranar Talatar da Madam Bake, ma'aikaciyar gona, ta zo duba mana zuma a Tourou. Ku da kuka shigo ƙungiya daga baya, kuna ɗaukar zumarku kuna dariya, ba ku san da ƙyar aka kai nan ba.

Shekararmu ta uku ke nan da fara kiwon zuma a gonar kaju, lokacin fure. Varowa ta shige mu. Wata 'yar kaska ce ja, ba ta kai ƙwayar riɗi ba, tana maƙale wa ƙudan zuma tana tsotsarsa, 'ya'yan su fito da fiffike a murɗe. Maganinta wani falle ne na roba da ake ratayawa cikin amya. Shekarar farko ya yi aiki. Daga baya sai mu rataya, kaskar tana yawo a kansa abinta.

Amya ɗaya ce ba a taɓa sa wa magani ba, tawa ta bakin rafi. Gwaggona ce ta ba ni ita daga Djougou, Allah Ya jiƙanta. Ƙudajen nan akwai faɗa! Ko kusa da murfin ba sa bari a je. Ranar da suka harbi shugabarmu Hajiya Rabi a fatar ido, aka yi zama.

"Maman Sadiya," in ji ta, ido ɗaya a rufe, "'yan Djougoun nan naki ba su da tarbiyya. Kuma su ke raba mana kaskar, tunda ba su sha magani ba. A sa musu wuta."

Na ce, "Hajiya, ki yi wa Allah. Halittar da aka saukar da sura da sunanta? A bari ma'aikaciyar gona ta zo ta gani."

Aka ɗaga mini ƙafa zuwa ranar da za ta zo.

Madam Bake ta aiko cewa kowa ya shafa man kaɗe a farin faranti, ya tura ƙarƙashin ragar gindin amya, ya bar shi kwanaki, duk kaskar da ta faɗo za ta manne. Ni na kai nawa bayan sallar asuba, ina karanto duk addu'ar da na iya. Duk da haka biyu suka same ni a wuya.

Ran Talata ta sauka daga zem, wato babur ɗin haya, muka jera mata farantai a kan tabarma. Na amyoyin da ke shan magani kusan fes suke. Mata suka fara murna, Madam ta girgiza kai.

"Ba ta faɗo ba ne don ba ta mutu ba. Ta saba da maganin. Ku buɗe ku gani." Muka buɗe, ga ta nan a bayan ƙudaje.

Sai aka zo kan nawa, cike da jajayen ɗigo. Hajiya ta tafa hannu. "Ba na faɗa ba!" Madam ta ciro gilashinta mai ƙara girma, ta daɗe a sunkuye, sannan ta miƙo mini.

"Tanti, me kika gani?"

Na ce, "Kamar ba su da ƙafafu."

"Voilà! Cizo ne. Ƙudajenki suna tsefe wa juna jiki, su gutsure kaskar su jefar."

Ta sa rigar kariya ta buɗe amyar da hayaƙi, mu kuwa muna can bayan kaju. Ta ɗago saƙa baƙi ƙirin da ƙudaje, kowane da fiffikensa lafiya, zuma tana ɗiga. Na zauna a ƙasa ina hamdala, hawaye na zuba.

Ta ce kada a taɓa su. In amyar ta cika, a riƙa raba ta, a ba kowace mace saƙa mai ƙwai, ƙudajen su yi sabuwar sarauniya. Maganin kuma a daina maimaita iri ɗaya, kuma kada a sa sai an gwada da faranti.

Hajiya Rabi ta gyara mayafi, ta ce, "To, Maman Sadiya, ni suka fara harbi, ni za a fara ba."

Muka yi ta dariya har Madam ta riƙe ciki.

Yawancin amyoyin da kuke gani yau jikokin ta bakin rafi ne, shi ya sa nake hana ku zuwa ba riga. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne a duba kafin a yanke hukunci, ko a kan ƙwaro ne. Hajiya kuwa har yau in ta kawo mini zuma sai ta ce, "Ga saƙon marasa tarbiyya."