Kunnen Baba na Hagu

Likita ya ce wa babana tunda ƙwayoyi sun kasa, allura cikin kunnen hagu za ta iya tsayar da jirin da ke kayar da shi, amma kunnen na iya kurmancewa.

Na ce, "Baba, mu a Ruma ai da kunne muke tsira. In baburan ɓarayin daji suka taho fa?"

Ya ce, "Ranar da suka shigo na ji su sarai. Ƙasa ce ke juyawa da ni, na kasa tashi, innarku kuma ta ƙi gudu ta bar ni. Likita, a yi."

An yi. Kunnen ya yi nauyi, amma yanzu da ƙafarsa yake zuwa gona.

Har yau ina juya maganar nan. Da ku ne, wanne za ku zaɓa?