Kunun da Na Kai Bakin Gona

Damina ce mai kyau, irin wadda ruwa ke sauka da asuba ya ɗauke kafin hantsi. Gero ya yi shar, ciyawa ma ta samu nata, kowane mai gona yana neman hannu. A gidana kuwa shekarar ta yi nauyi, don a cikinta na fita takabar mijina. Ni mai kunun tsamiya ce. In dama da safe, in kai bakin gonaki, in sayar wa yaran da ke ƙwadago. Ban taɓa sa-in-sa da kowa ba. Ko akuyar wani ta ci min wake, korarta nake yi in yi shiru.

Ba zan faɗi sunana ba. Karatun nan ma da girmana na koya, a ajin yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Yara nake so su ji, da iyayensu.

A kasuwar Tsanyawa wani mai tallar magani a babur ya tare ni. Ya ce, "Inna, yaran yanzu ba kunu suke nema ba, ƙarfi suke nema." Ya nuna min ƙwaya, ya ce maganin gajiya ne kawai, in daka in zuba kaɗan. Na ce a'a. Kasuwa ta zagayo, buhun geronmu ya kusa ƙasa, na ce wa mai maganin ya ba ni in gwada.

Sai na koma bokiti biyu, na kowa da kuma wanda yaran suka sa wa suna mai ƙarfi. Yaro ya sha kofi guda ya kama fartanya, har la'asar bai miƙe bayansa ba. Masu gona suna ta sa min albarka. Da ɗan abin da nake zubawa ya daina kama su, na ƙara. Na ga wani ya faɗi a kuyyar gero yana kumfa, na ce rana ce. Na ji wani ya mari mahaifinsa, na ce rashin tarbiyya ne. Ranar da mai ƙarfi ya ƙare da wuri, wani ɗan yaro da na sani tun yana goye ya shaƙe min wuya da mayafina, sai da aka ɓamɓare hannunsa. Washegari na dama ninki.

Ina da ɗa, Rabi'u, ɗan fari. Da biro nake iya rubuta sunan, da baki ban saba ba. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta ƙura masa ido a gaban mutane. Ni na riƙe wannan sosai, har ana yabona. "Yaron nan" nake ce masa. Shi ma ƙwadagon yake yi tun rasuwar mahaifinsa, bai kai sha bakwai ba. Bai taɓa zuwa gaban bokitina ba, ni kuma na ɗauka nutsuwa ce.

Abokinsa Nafi'u, ɗan maƙwabciyata Yaya Asabe, shi ke zuwa kullum da kofi biyu. Har nakan tsokane shi, "Kai Nafi'u, cikin naka rijiya ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai hannunki ne da daɗi. Cika min, kar ki yi min awon 'yan birni."

Ƙanwar Rabi'u ta gaya min yayanta ya daina cin tuwo, kuma ya buge ta don ta taɓa masa takalmi. Na ce ta ce masa ya bari. Aike na yi, a cikin gida ɗaya. Da na ɗaga kai na dubi idonsa sau ɗaya, da na gani.

Ranar abin, ana maimai, wato noma na biyu, a gonar wani Alhaji, ina zaune a gindin ɗorawa. Sai na ji hayaniya. Rabi'u yana cewa Nafi'u ya shigar masa kuyya. Nafi'u yana dariya, ya ce, "Haba mutumina, kuyya ce fa, ba budurwa ba. Ɗauki kayanka." Ya juya baya ya sunkuya.

Fartanyar ta sauka a ƙeyarsa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an fasa kabewa. Ya kife a kan gero. Rabi'u ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Yaran suka watse, wasu suka tsaya suna kallo da jajayen idanu, ko motsi ba su yi ba.

Na ruga ba mayafi. Na buɗe baki na kira sunansa, karo na farko tun da na haife shi. "Rabi'u! Rabi'u!" Ya juyo. Na dubi idonsa, shi kuma bai san ni ba. Ya kawo min sara, na tare da hannu, ƙarfen ya tsaga ni daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya. Manya suka zo suka danne shi, suka ɗaure shi da igiyar shanu, yana cizon ƙasa. Wani yaro ya nuna ni ya ce, "Kunun uwarsa ne. Nafi'u ke sayo masa."

Kafin a sa Nafi'u a mota gari ya taso. Aka kifar da bokitan, aka ja ni a ƙasa, duka ta ko'ina, wani ya kawo fetur. Mai unguwa ne ya tsaya a kaina da sandarsa har 'yan sanda suka iso. Ban musa komai ba a gaban alƙali. Aka kai ni gidan yari, aka kai ɗana wani daban, kuma yana can har yau. Nafi'u bai mutu ba, amma ɓarin jikinsa ya mutu, maganarsa ta tafi.

A can na tuba, a ajin can na fara riƙe biro. Ga abin da zan ce muku, 'ya'yana. Gajiya ba ciwo ba ce. In jikinka ya ce ya gaji, ka zauna a inuwa, gonar ba ta fi kanka ba. Duk wanda ya miƙo maka abin da zai hana ka jin gajiya, ko da uwar abokinka ce mai fara'a, ka mayar masa. In abokinka ya aike ka sayo masa, ka ƙi, ka gaya wa babba. Ku kuma iyaye mata, ku riƙe kunyarku in kuna so, amma ku dubi idon yaranku, ku tambaye su da bakinku.

Da aka sake ni, da yamma na shiga gari, kowa ya kau da kai. Washegari da safe na yi sallama a gidan Yaya Asabe. Tana ɗaki tana kokawar ɗaga Nafi'u daga shimfiɗa, ya yi mata nauyi. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Yaya, na zo ki yafe min."

Ta sauke shi a kan shimfiɗar. Ta ce, "Ban yafe ba. Ban san ranar da zan iya ba." Ta share zufa da bakin zaninta. "Tunda kin zo, kama min ƙafafunsa, mu fitar da shi ya sha iska."

Na tashi na kama.