Jabbi Mai Lasar Ƙasa

A yau mai neman gona a Shagari hotonta ake turo masa a waya. A zamanin Jabbi, taubashina, ɗanɗana ta ake yi. Ku da kuka san shi kun san ba ya sayen abu sai ya ɗora shi a harshe. Masu fura a kasuwar Bodinga da sun hango shi sai su rufe ƙwarya, don yakan ƙoshi da ɗanɗane ya koma gida bai sayi komai ba. Shayi kuwa sai ya huce sarai yake sha, wai ba ya wasa da kayan aikinsa.

Ni kuma na dawo daga yawon duniya, Sudan, Masar, Turkiyya, da Larabci da Faransanci a bakina, ina jin babu abin da ban sani ba. Ya taɓa ce mini zaƙi a bakin harshe ake jin sa, ɗaci kuma can baya wajen maƙogwaro. Na ce likitoci sun bar wannan zance tuntuni, ko'ina a harshe yana jin komai. Bai yi gardama ba. Ya ɓanɓaro ɓawon maɗaci ya miƙo mini.

"To, boko, aza shi inda kaka so."

Na ɗora a can gaba. Gaskiyata ce, na ji ɗacin sosai. Na ci gardama, na wuni ina tofar da yawu, shi kuma ya cinye tuwona.

Da na ajiye aiki, na ga wata fadama wajen Mandera, shimfiɗaɗɗiya kamar gonakin bakin Nilu. Ita na ɗora wa tsufana gaba ɗaya. Jabbi ya raka ni, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya lasa, ya juya ta a baki kamar mai gwada miya, ya tofar.

"Ƙasag ga kanwa gare ta. Albasa ba ta yi nan. In tumaki zaka kiwo, su lasa su gode maka."

Na yi masa bayanin noman zamani har rana ta take, da misalai daga ƙasashe uku. Ya ce su can mutanen sun lasa kafin su saya.

Na saya. Albasa ta fito, ta yi ja, ta kwanta. Da ruwa ya janye, gonar ta yi fari fat. Da safe kawai na tarar Jabbi ya koro tumakinsa ciki, suna ta lasa.

A ciwonsa na ƙarshe na kai masa kunu. Ya kurɓa, ya ce bai ji komai ba, ko tsamiyar. A nan na san lokaci ya yi.

Allah Ya jiƙan Jabbi, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, Ya bar shi ya ɗanɗana a natse. Fadamar tana nan, makiyaya ke shiga. Ni kuma tun daga shekarar ban sake koya wa manomi noma ba.