Tabon da ke bayan kakana

Jiya na bi ta kasuwar Murshid Bazaar, a nan ƙasar Larabawa inda muke zaune, sayen kayan yaji, sai ƙamshin gyaɗar da ake soyawa ya tsayar da ni cak. Maigidana yana ta "yalla, yalla," wato in yi sauri, ni kuwa zuciyata ta koma tsakar gidan kakannina.

Kakana yana da tabon bulala a baya. Idan ya tuɓe riga zai shiga gona, sai ka ga layi-layi kamar kunya. Yaran unguwa suka sa mini suna jikar ɓarawo, don a saninmu ɓarawo ake yi wa bulala. Ku yarda da ni, shekaru na yi ina ɗauke da abin a raina. Har alewarsa na daina karɓa, ina tsoron haram.

Wata damina, ana yayyafi, ina taya kakata suyar gyaɗa a kasko, sai na fashe da kuka na tambaye ta me kakana ya sata.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ke ja'ira! Wannan ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya."

Ta ce a zamanin Turawa hakimi ya tilasta wa ƙauyen shuka auduga a gandunsa, daidai lokacin da geronsu ke neman noma. Aka raba wa kowane gida angurya, wato irin auduga. Mata suka haɗa baki, kowacce ta ɗan soya tata a kasko kafin maza su shuka. Ko ƙwaya ba ta tsiro ba. Mutane suka samu suka koma gonakinsu, rumbuna suka cika.

Da dogarai suka tono irin suka ga alamar wuta, aka tara gari. Kakata ce ta kawo dabarar, kuma tana da tsohon ciki. Kakana ya miƙe ya ce shi kaɗai ne, aka yi masa bulala.

"Cikin babanki ne," in ji ta.

Ranar na ci tuwo kamar wadda ta tashi daga ciwo.

Yau 'ya'yana a nan unguwar Abu Hail ba su taɓa ganin gona ba, gandun ma an ce ya zama gidaje. Abin da nake gode wa Allah a kai shi ne, kakana ya rasu bai san na taɓa zarginsa ba. Da shi nake fara addu'a bayan kowace salla.