Albishir a Motar Ƙuba

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wa baƙinmu na Jamus ihu da Hausa a hanyar masallacin Ƙuba ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun ji ƙishin-ƙishin, gara ku ji daga bakina.

Ni ne tafintan masu jin Jamusanci a kamfaninmu na Umara. Harshen na karanta a jami'a a gida, kuma burina in koma koyarwa, amma ba a sauraron mutum sai ya buga maƙala a mujallar ilimi. Sai na rubuta ɗaya kan yadda baƙinmu, galibi Turkawa mazauna Jamus, suke cusa kalmomin ibada cikin Jamusancinsu. Da izininsu na naɗi hirarrakinmu.

Mujallar ilimi ba jarida ba ce. Edita zai cire sunanka ya miƙa aikin ga masana biyu, ba su san ka ba, ba ka san su ba. Mujallu biyu suka maido mini da maƙalata. Ta uku ta ce in gyara, na gyara, sai shiru wata da watanni.

Ran nan da hantsi mota ta cika, ina riƙe da makirufo ina bayanin gonakin dabino, sai jawwal, wato wayata, ta motsa. Na leƙa, saƙon edita ne. Kalma ɗaya idona ya kama: an karɓa.

"Sun karɓa! Wallahi sun karɓa!" na kwarma, makirufo na bakina.

Idrisa direbanmu, mutumin Chadi, ya taka birki. "Ya Ustaz, madam ce ta haihu?"

Ina dariya ina hawaye na yi bayani da Jamusanci. Mota ta ɗauki kabbara. Wani dattijo ya sumbaci goshina, dabino ya fara yawo kujera-kujera.

Sai Hajiya Nurten ta miƙe, wata tsohuwa da ke zuwa kowace shekara, wadda ta fi kowa ba ni hira.

"Ɗana, ina ciki?"

"Kina ciki, Hajiya. Ke ce Mai Magana ta Bakwai."

"Ta bakwai? Ina sunana?"

Na ce ƙa'ida ce a ɓoye sunaye don a kare mutane.

"A kare ni daga wa? Tun ina budurwa nake aiki a masana'anta ana dariyar Jamusancina. Yau farfesoshi za su zauna su karanta shi, ka ce in ɓuya? Sa sunana!"

Fasinjoji suka goya mata baya da tafi. Idrisa bai ji ko kalma ba, amma shi ma ya ce, "Yalla, sa mata!"

A harabar masallaci na rubuta wa edita. Washegari editar ta amsa cewa cikin maƙala lamba za ta zauna, amma in Hajiya ta sa hannu, sunanta zai fito a sashen godiya. Ta sa, da manyan baƙaƙe. Da mujallar ta fito, jikarta ta turo mini hoto: an sa shafin a gilashi an rataye a falo.

Abin da na koya shi ne, mu masu rubutu muna ɗauka mu kaɗai muke jiran edita. Ashe waɗanda suka ara mana bakinsu sun fi mu daɗewa suna jira a saurare su. Don haka idan baƙo yana muku magana da karyayyen harshe, kada ku yi saurin gyara masa. Ku bari ya kai aya.